Likitan Baba Ko Mijin Auta

"Ba zan ba shi ke ba. Ko da shi kaɗai ya rage namiji a duniya."

Auta na tsaye da kular abinci a hannu, ko ajiyewa ba ta kai ga yi ba. Ta waiga ko da wani Baba yake. Ba ta ga kowa ba sai nas da ke tura keken magunguna, ƙafar keken na kuka a kan siminti.

"Baba, wa fa?"

"Su nawa gare ki? Likitan naki mana."

Ta ajiye kular a kan ɗan akwatin ƙarfen da ke gefen gado, ta ɗosana a bakin kujera. Jiya da yamma, da wannan bakin Baba ya kira Likita "ɗana", har ya sa ta zuba masa shayi. Yau ga shi ya juya fuska bango, ya ja bargo har wuya, ya danna hula ta rufe girarsa.

Tun makon jiya aka kwantar da shi a ɗakin maza, bayan fitsari ya toshe masa. Aka sa masa roba, aka rataye jakar a ƙarfen gado, aka ce sai an yi masa aiki. Makaniki ne da ya tsufa a gareji, yaran da ya koya wa sana'a yanzu kowa da nasa wurin. Mutum ne da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin kansa babu hula ba. Auta ce kaɗai ta rage a gabansa tun rasuwar mahaifiyarta, tana koyarwa a makarantar firamare, ita ce kuma mai jinyarsa.

Likita kuwa tun bara yake nemanta. Manyansa sun zo sun gaisa, Baba ya yi na'am, ana shirin tsayar da magana ciwon nan ya faɗo. Da aka ga a ɗakin da yake aiki aka kwantar da Baba, kowa cewa ya yi Allah ya kawo sauƙi.

"Baba, me ya yi?"

Baba ya ƙara jan bargo.

"'Yata, kada ki matsa masa," in ji tsohon da ke gadon kusa. Direba ne da ciwon suga ya cinye masa yatsun ƙafa, duk ɗakin Mai Rediyo ake ce masa, don ba ya kashe ta ko yana barci. "Yau an yi mana kallo kyauta. Ni dai na rufe ido ɗaya saboda zumunci."

"Rufe mana baki, tsohon banza," Baba ya faɗa, bai juyo ba.

"Ka ga laifina? Ni na yaye ka?" Ya rage muryar rediyon, ya karkato wajen Auta. "Da safe da aka kore ku waje za a yi zagaye, babban likita ya shigo da garken ɗalibansa, maza da mata, kowa da abin sauraren ƙirji a wuya. Suka kewaye gadon nan. Naki ne a gaba. Ko sallama. Ya tsaya yana zuba Turanci yana nuna babanki da biro. Babban ya ce a buɗe. Shi kuwa ya kama bargon nan ya yaye, ya ɗaga riga. Ga labule can a naɗe, ba wanda ya tuna da shi. Har wata yarinya, wallahi ba ta kai ki ba, aka ce ta matso ta duba robar."

Auta ta sunkuyar da kai. Ji ta yi kamar ita aka yaye.

Sai a sannan Baba ya juyo. Idanunsa sun yi ja, sun faɗa ciki. Tun da ya zo bai yi barcin kirki ba. Fitila a kunne take kwana, wannan na nishi, wancan na kiran nas, ga rediyo. Da barci ya fara ɗaukarsa za a tashe shi a auna jini, kafin ya koma mai shara ta shigo tana buga bokiti a ƙafar gado. Wanda aka hana barci, aka dawo aka hana shi sutura, kada kowa ya yi mamakin abin da zai fito daga bakinsa.

"Na kalle shi cikin ido, Auta. Na ce ko zai ce Baba yi haƙuri. Ya kawar da kai kamar bai taɓa ganina ba. Wannan mara lafiyan, haka ya ce da ni. Ina jin Turancin daidai nan. Ni da ko motar mutum zan buɗe sai na tambayi mai ita."

"Baba, wataƙila aikin ne ya zo da haka."

"Aikin ne ya hana shi gaisuwa? Gobe ya zo gidana ya durƙusa ya ce Baba ina kwana, da wane ido zan dube shi? Da wane ido shi zai dube ni?"

Ta buɗe kular, ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Ba na ci," ya ce.

"Miƙo nan, kada ya yi sanyi," in ji Mai Rediyo.

Lokacin ziyara na yi Gwaggo ta shigo, ƙanwar Baba, da ɗanta a bayanta ɗauke da ledar lemo. Shagon sayar da magani gare shi, shi ya sa dangi ke ce masa Mai Kemis. Tun Auta na makaranta yake sonta. Bai taɓa yi mata abin ƙi ba, ita ce dai zuciyarta ba ta kwanta ba, Baba kuma bai tilasta ba. Gwaggo ce ba ta taɓa yafe wannan ba.

Kafin su zauna Mai Rediyo ya sake ba da labarin, wannan karon ya ƙara yawan ɗaliban.

Gwaggo ta tafa hannu tana salati. "Yaya! Kai aka yi wa haka? A gaban 'yan mata? To ai ga shi nan. Tun farko na faɗa, aka ce baƙin ciki nake. Mutumin da kullum yana ganin tsiraicin mutane, ina zai samo kunya?"

"Inna, ki yi a hankali, asibiti ne," ɗan nata ya ce. Ya durƙusa a gefen gado, ya gyara wa Baba bargo ya rufe masa ƙafa. "Kawu, ni ba maganar kowa na zo yi ba. Akwai wani abokina mai asibitin kansa. Ɗaki kai kaɗai, da ƙofa, ba mai shigowa sai ya ƙwanƙwasa. Za ka yi barci. In ka yarda, yau ɗin nan na kawo mota."

Baba ya lumshe ido. Bai ce to ba, bai ce a'a ba.

"Yaya, aikin fa?" Auta ta tambayi Mai Kemis. "A can akwai mai yi?"

"Za a nemo. Ke dai ki bar mini."

"Ku ji ta," in ji Gwaggo. "Ubanki na kwance an wulaƙanta shi, ke ta aiki kike, don kada a raba ki da ɗakin da saurayinki yake. Auta, ki ji tsoron Allah."

Hawaye suka zubo mata. Ta miƙe ta fita, ta ji Gwaggo na cewa a bayanta, "Can za ta. Ku sa ido ku gani."

Can ɗin kuwa ta nufa.

Ta sami Likita a ƙarshen baranda, kusa da matakala, zaune a kan benci da kofin shayi da ya huce a hannunsa. Farar rigarsa ta yamutse. Da ya gan ta ya yi murmushi, da ya ga fuskarta murmushin ya ɓace.

"Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Yanzu ka san sunansa Baba?"

Ya ajiye kofin. "Auta, me ya faru?"

"Ni zan tambaye ka. Me Baba ya yi maka? Da ya ce maka ɗana, laifi ya yi?" Muryarta ta karye. "Ka yaye shi a gaban mutane. Ko gaishe shi ba ka yi ba. Ya ce ba zai ba ka ni ba, ko kai kaɗai ka rage."

Ya miƙe tsaye, ya sake zama. Ya dafe goshi.

"Zauna in gaya miki."

"A tsaye ma ina ji."

"Babban likitanmu yana da doka. Ba ya barin ɗayanmu ya riƙe jinyar ɗan uwansa, ko surukinsa, ko duk wanda zuciyarsa ke kai. Da ya gane, a ranar zai cire mutum. Ni kuma ni ya ba aikin Baba, ni zan yi yana tsaye a kaina. Ba na so ya fita daga hannuna. Shi ya sa in yana wurin nake yi kamar ban san Baba ba. Sai da yamma, in ya tafi, nake zuwa in gaishe shi."

"Ka taɓa gaya wa Baba haka?"

"Na ɗauka zai gane."

"Ya gane ta yaya? A asibiti ya yi aiki?"

Ya ɗauki kofin, ya sake ajiyewa.

Ta share hawaye da bakin mayafi, wasu suka biyo. Abin ya ɗaure mata kai. Da ta taho, da fushinta cikakke ta taho, ta san wanda ya yi laifi. Yanzu ga shi mutumin ya yi abin ne saboda Baba, kuma abin da ya yi saboda Baban shi ne ya karya Baba.

"To na ji ta gaisuwa," ta ce. "Labulen fa? Shi ma dokar ce ta hana ka ja?"

Ya dubi ƙasa.

"A'a."

"To me?"

"Ban tuna ba." Ya ɗago, idanunsa sun cika. "Wallahi ban tuna ba, Auta. Kullum haka muke yi. Gado bayan gado, a buɗe, a duba, a wuce. Idona ya saba. Ina ta lura kada in yi kuskure a gaban babba, kada in ce Baba a gabansa, har na manta mutum ne a kwance. Da wani tsohon ne ma, da ban san na yi komai ba."

"Wannan ai ya fi muni."

"Na sani."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta wanke shi ba. Sabo ba hujja ba ne. Duk tsohon da ke kwance a ɗakin nan uban wata ne, ko da likita ba ya neman 'yarsa.

"Gwaggo ta zo da Yaya Mai Kemis," ta ce. "Za su ɗauke shi yau, su kai shi wani asibiti mai ɗaki da ƙofa."

Ya zabura. "Kada ki bari. An riga an gama shirya shi, jininsa ya daidaita. In aka ɗauke shi yanzu komai sabo za a fara, robar nan kuma ba ta son daɗewa."

"Ni wa ce da zan hana? Ni yanzu ko magana na yi cewa ake don kai nake yi. Kuma ni kaina ban sani ba. Ban sani ba ko don Baba nake so ya zauna, ko don kai." Ta fashe da kuka sosai. "Ka sa ni a tsakiya. In na kare ka, na ci amanar ubana. In na bi ubana, na rasa ka. Ka gaya mini yadda zan yi."

Wasu masu jinya da ke wucewa da bokiti suka tsaya kallo. Ya matsa baya kaɗan.

"Koma wurinsa. Zan gyara."

"Ta yaya?"

"Ki dai koma."

Ta koma ba don ta yarda ba, sai don ba ta da wani wurin zuwa.

Bayan la'asar Mai Kemis ya dawo ya ce mota na ƙofa. Gwaggo ta riga ta naɗe tabarma, ta cusa kofuna da buta a jaka, tana ta faɗa da nas a kan a zo a sallame su. Nas ta ce ita ba ta sallamar kowa, sai babban likita ya zo, ta aika a kira shi. Baba dai na kwance yana kallon silin.

"Za ka tafi ka bar ni da wa?" Mai Rediyo ya tambaya. "Wa zai riƙa zagina da asuba?"

Sai ga sallama daga bakin ƙofa.

Auta ba ta gane shi nan take ba. Babu farar riga, babu abin sauraren ƙirji. Kayan gida ne a jikinsa, da hula. Ya tako har gaban gadon, ya cire takalmi, ya durƙusa a kan simintin da kowa ke takawa.

"Baba, barka da yamma. Ya jiki?"

Baba bai dube shi ba.

"Na zo neman gafara. Abin da na yi muku da safe ban kyauta ba, ba ni da abin kare kaina. Na ɓoye wa babban likita abin da ke tsakaninmu don kada ya raba ni da jinyarku, garin haka na wulaƙanta ku. Yanzu daga wurinsa nake. Na faɗa masa gaskiya, cewa 'yarku nake nema."

"An hana ka ita, ai," in ji Gwaggo.

Bai kula ta ba. "Ya cire hannuna daga jinyarku. Daga yau ba ni ne likitanku ba. Ɗanku ne kawai, in kun karɓe ni."

Auta ta dubi Baba tana jira. Ta ga ya juyo da kai a hankali, ya ƙura wa Likita ido.

"Ya cire hannunka."

"E, Baba."

"To wa zai yi mini aikin?"

"Abokin aikina. Wanda ya karɓe ku ranar da aka kawo ku."

Baba ya yunƙura ya tashi zaune da ƙarfin da ba wanda ya san yana da shi, har jakar da ke rataye ta yi lilo.

"Mai hannun guduma?"

"Baba, ƙwararre ne, wallahi ya—"

"Ƙwararre a ina? Yaron da ya yi ta cusa mini roba kamar mai tura waya a bututu, ina ihu yana cewa in saki jiki? Sai da ka zo ka karɓa, ban ma san an sa ba. Shi za ka bar wa cikina?" Ya buga katifa. "Wa ya aike ka? Wa ya ce ka je ka faɗa?"

Likita ya dubi Auta, ita ma shi take kallo.

"Baba," ta ce, "ai kai ka ce ba ka son ganinsa."

"Na ce ba zan ba shi ke ba. Na ce ba zan ba shi cikina ba? Ina ruwan wannan da wancan? Na yi shekaru ina kallon hannun yara a kan inji, na san hannun da zan miƙa wa abu in juya baya. Yaron nan ba shi da kunya, amma yana da hannu."

"Yau na ji sabon salo," in ji Mai Rediyo, ya kashe rediyon gaba ɗaya don ya ji da kyau.

"Yaya, kai da za mu tafi?" Gwaggo ta ce, jaka a hannu. "Ga mota a ƙofa."

"Na ce miki zan tafi? Haushi nake ji, kika hau naɗe tabarma."

Mai Kemis ya sa makullin motarsa a aljihu, ya jingina da bango. Shi ma ya rasa inda aka dosa.

A haka babban likita ya shigo, dattijo mai furfura, nas na biye da shi. Ya dubi jakunkunan, ya dubi yaronsa durƙushe a ƙasa babu takalmi, ya dubi Baba.

"Malam, sannu da jiki. An ce kana so ka tafi."

"Ba inda za ni."

"Madalla. Maganar safe ta zo kunnena. Laifinmu ne, ni ne babba a wurin, ni ya kamata in fara tunawa. Ka yi haƙuri."

Baba ya ɗan sassauta fuska. "Ya wuce, likita. Abu ɗaya nake roƙo. Yaron nan shi zai yi mini aiki."

"Wannan kuma ba zai yiwu ba. Ya ce mini surukinsa kake shirin zama. Ba na miƙa wuƙa ga wanda zuciyarsa ke kan mara lafiya. In abu ya rikice a ɗakin tiyata, irinsu ne hannunsu ke rawa. Na taɓa gani, ba na so in sake gani."

"Ba surukina ba ne. Na hana shi tun da safe, ga shaidu nan."

"Ni shaida ce," Gwaggo ta yi caraf.

"Ranka ya daɗe," Likita ya ce daga inda yake durƙushe, "ni ban janye ba."

"To in ba shi ba, a cire mini robar nan in tafi gida," in ji Baba. "In mutuwa ce ta same ni a ɗakina. Wancan yaron ba zai sake taɓa ni ba, kuma ba wani baƙon da zan je in miƙa wa kaina."

Auta ta san muryar nan. Da ita yake magana in ya gama yanke hukunci, kuma ba ta taɓa jin ya dawo daga baya ba.

Babban likita ya cire tabarau ya murza ido. "Uba ya ce babu, yaro ya ce akwai. Ni ba alƙali ba ne, kuma ina da marasa lafiya suna jira." Ya juyo. "Ke ce 'yar?"

"Ni ce."

"To ke za ki raba mu. Akwai maganar aure tsakaninki da yaron nan, ko babu? In akwai, na gama magana. In babu, jibi shi zai shiga da babanki, ina tsaye a kansa."

Duk ɗakin aka zuba wa Auta ido.

Ta dubi Baba. Ya rame, wuyansa ya fito daga riga, hannunsa na riƙe da bakin bargo gam. Bai roƙe ta ba, bai ma kalle ta ba. Ta dubi Gwaggo, ta ga ta gyara tsayuwa tana jira. Ta dubi Mai Kemis, ya sunkuyar da kai. Sannan ta dubi wanda ke durƙushe a ƙasa, wanda ya ajiye farar rigarsa ya zo saboda ita.

Ya girgiza mata kai kaɗan. Ba ta gane ba. Cewa yake kada ta musa shi, ko cewa yake kada ta damu da shi? Ta nemi amsar a fuskarsa, hawaye suka hana ta gani.

"Malama, ina jira," in ji babban likita.

"Babu."

"Ban ji ba."

"Babu komai tsakaninmu." Da ƙarfi ta faɗa wannan karon, har na gadon ƙarshe ya ji.

Dattijon ya daɗe yana kallonta, irin kallon wanda ya san abin da aka gaya masa, ya kuma zaɓi ya karɓa a haka. Ya mayar da tabaransa.

"Shi ke nan. Kai, tashi ka je ka sa rigarka. Ka zo ka shirya mara lafiyanka."

Likita ya miƙe. Ya sa takalminsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ya bi ta gabanta har gefen rigarsa ya taɓa kujerar da ta dafa, bai ɗago ba.

Baba ya koma ya kwanta, ya sauke dogon numfashi. "Auta, zubo mini abincin nan."

Ta zuba masa, rabi a kwano rabi a kan akwatin. Ta miƙa masa, ta fita baranda kafin kukan ya ƙwace mata a gabansa. Ta riƙe ƙarfen baranda tana ta maimaita wa kanta cewa don a yi aikin ne ta faɗa, shi ma ai ya sani, dole ya sani. To in ya sani, me ya hana shi dubanta?

Ta ji an dafa kafaɗarta. Ta juyo da sauri.

Gwaggo ce, fuskarta a sake, muryarta da taushin da Auta ba ta taɓa ji ba.

"Share hawayenki, 'yata, kin yi abin da 'yar halak ke yi. Da bakinki kika faɗa, a gaban ubanki, a gaban babbansa, ɗaki guda ya ji." Ta ciro waya daga jaka. "Bari in kira kawunnanki tun yanzu, su aika wa mutanen Likita cewa magana ta tashi."